AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Rijiyar Kusugu ta Daura da Bishiyar Mabiya Buda

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili, inda muke buga amsoshin da aka karanta muku ta rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana. A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta na da ɗan tsawo.

TAMBAYA: Wasiƙar ta fito ne daga wani malamin makarantar firamare a ƙasar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikata, ya ce ya shirya kai 'yan ajinsa birnin Daura su ga rijiyar Kusugu, sai mahaifin wani yaro ya ce shi kam ɗansa ba za shi ba. Dalilinsa, wai zuwa ganin rijiyar maciji bai da bambanci da abin da mutanen Indiya ke yi, na niƙar gari su yi doguwar tafiya don su durƙusa wa bishiya. Malamin ya ce maganar ta tsaya masa a rai, har ya ɗage tafiyar. Shi ne yake so a faɗa masa, wace bishiya ce wannan, mene ne ainihin tarihin Kusugu, kuma shin ziyarar nan biyu ɗaya ce?

AMSA: To, Allah gafarta malam, mun gode da wannan tambaya. Tun farko muna so ka sani, mahaifin yaron nan ba abin zargi ba ne, domin kishin addinin ɗansa ne ya sa shi magana. Amsa a taƙaice ita ce, ziyarar biyu ba ɗaya ba ce. Waccan ibada ce a wurin masu yin ta, wannan kuwa neman sanin tarihi ne. Amma da yake an ce tambaya rabin ilimi, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don ka samu abin da za ka gaya wa wannan dattijo.

Bishiyar da ake magana

Ita dai wannan bishiya tana wani gari ne da ake kira Bodh Gaya, a jihar Bihar ta ƙasar Indiya. Kada ka ɗauka tana da dangantaka da Gaya tamu ta Jihar Kano, wadda ita ma za ta shigo cikin zancen nan gaba kaɗan. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Kimanin shekara 2,500 da suka wuce aka yi wani ɗan sarauta mai suna Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yanzu. Kamar yadda mabiyansa suke faɗa, ya bar gidan ubansa yana da shekara 29, ya shiga duniya yana neman dalilin wahalar ɗan Adam, watau tsufa da cuta da mutuwa. Bayan shekara 6 yana yawo da horon kansa da yunwa, sai ya zauna gindin wata bishiya dangin ɓaure da ceɗiya, ya shiga halwa. A nan ne suka ce ya sami buɗi, aka shiga kiransa Buda, ma'ana wanda ya farka. Littattafan addininsu sun nuna cewa shi da kansa, dab da mutuwarsa, ya ambaci wurare 4 da ya kamata mabiyansa su riƙa ziyarta: Lumbini inda aka haife shi, Bodh Gaya inda ya sami buɗin, Sarnath inda ya yi wa'azinsa na farko, da Kushinagar inda ya mutu. Ka riƙe wannan magana da kyau, malam, don ita ce gindin bambancin. Ziyarar tana cikin addinin nasu tun asali, kuma lada suke nema da ita.

Wani babban sarkin Indiya mai suna Ashoka, wanda ya yi zamani a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne ya fara yin gini a wurin. Shi ne kuma ya kafa wani ginshiƙin dutse a Lumbini da rubutu a jikinsa, wanda aka tono a 1896. A zamaninsa aka ɗauki reshen bishiyar aka kai Anuradhapura ta ƙasar Siri Lanka aka dasa, tana nan har yau. A ƙarni na 7 wani malaminsu ɗan ƙasar Sin, Shuwanzang, ya taho tun daga ƙasarsu ya ziyarci wurin, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Daga wajen ƙarni na 13 addinin Buda ya ja baya ƙwarai a Indiya. Wurin ya rasa masu kula da shi, ƙasa da yashi suka binne gindin ginin, daga bisani ya koma hannun wani shugaban addinin Hindu. Tsohuwar bishiyar ma guguwa ta kayar da ita a 1876, wadda ake gani yanzu daga irinta aka sake dasawa. Sai a shekarun 1880 aka yashe wurin aka gyara ginin, ƙarƙashin kulawar wani Bature mai binciken kayan tarihi, Alexander Cunningham. A 1891 wani mutumin Siri Lanka, Anagarika Dharmapala, ya je ziyara, ya ga halin da wurin ke ciki, ya fara fafutukar a mayar wa mabiya Buda da shi. An daɗe ana shari'a da ja-in-ja, har aka yi doka a 1949 wadda ta danƙa wurin ga kwamitin haɗin gwiwa na 'yan Hindu da 'yan Buda. A 2002 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya je can zai tarar da dogon gini mai tsini, tsawonsa kimanin mita 50, bishiyar na bayansa. Zai ga maziyarta daga Siri Lanka, Tailan, Jafan, Tibet da sauransu, suna kewaya ginin, suna kunna fitilu, suna ajiye furanni, wasu suna faɗuwa ƙasa suna tashi, wasu na zaune shiru ido rufe. Ganye in ya faɗo, tsintarsa suke yi su tafi da shi gida. Wannan ke nan game da bishiya.

Labarin Kusugu kamar yadda aka gada

Yanzu sai mu dawo gida. Rijiyar Kusugu tana cikin birnin Daura, an kewaye ta da gini, kuma har yanzu ana jefa guga a ɗebo ruwa. Mutanen garin za su gaya maka ba su taɓa jin ta ƙafe ba. Sunanta ya shahara ne saboda labarin Bayajida, wanda kusan duk ɗan makaranta a ƙasar Hausa ya taɓa ji. Za mu kawo shi kamar yadda aka gada, sa'an nan mu ji ta bakin masana.

An ce a da can mata ne ke sarautar Daura, ana kiran kowaccensu Magajiya. Girgam, watau jerin sunayen sarakunan Daura, ya fara ne da Kufuru, kuma mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni, arewa da Daura ta yanzu. Daga baya aka taso aka dawo inda garin yake, kuma daga sunan Magajiya Daurama ake cewa garin ya sami sunansa. A zamanin ne wani maciji da ake kira Sarki ya tare a rijiyar garin, ya hana kowa ɗibar ruwa sai ranar Juma'a.

Can kuma a Bagadaza, wani ɗan sarki mai suna Abu Yazidu, wanda bakin Hausawa ya mayar Bayajida, ya sami saɓani da mutanen garinsu, ya fito da rundunarsa ya yiwo yamma har Barno. Mai na Barno ya aurar masa da 'yarsa, amma ya yi ta raba shi da mayaƙansa da dabara, har Bayajida ya gane ana shirin halaka shi, ya gudu da matarsa. A Biram ta Gabas, watau Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, ya bar ta don tana da juna biyu, a can ta haifi ɗa. Shi kuwa ya wuce Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Daga nan ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa, ai ɗan nan, garin nan ba a samun ruwa sai Juma'a. Ya ce ta dai ba shi guga. Da ya jefa guga macijin ya riƙe, ya jawo shi sama, ya sare kansa, ya sa a jaka, ya ɗebi ruwa ya sha, ya shayar da dabbarsa, ya kai wa tsohuwa saura.

Da gari ya waye aka ga gawar maciji a bakin rijiya, gari ya ɗauka. Magajiya ta ce duk wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari. Mutane suka yi ta zuwa kowa na cewa shi ne, amma da an ce ina kan, sai ido ya raina fata. Sai Ayana ta tuna da baƙonta. Aka kirawo shi, ya fito da kan maciji. Ya ce shi ba rabin gari yake so ba, aurenta yake so. Aka ɗaura, aka shiga kiransa Makas-Sarki, kuma wasu na cewa daga nan kalmar sarki ta samo asali.

Labarin ya ci gaba da cewa Magajiya ta ba shi wata kuyanga, Bagwariya, ta haifa masa ɗa aka sa masa Karɓagari. Daga baya ita ma ta haifi nata, aka sa masa Bawo, wanda ake fassarawa da cewa a ba mu garinmu. Bawo ya haifi 'ya'ya 6: Gazaura ya zauna Daura, Bagauda ya tafi Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamnakogi kuma Rano. In ka haɗa da ɗan da aka haifa a Biram, sun zama 7, su ne Hausa Bakwai. Har rabon aiki aka ce an yi musu: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Zuriyar Karɓagari kuma aka danganta su da wasu ƙasashe 7 na maƙwabta, irin su Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe da Kwararrafa.

Ta bakin masana tarihi

To, malam, yara za su tambaye ka, shin haka abin ya faru? Ga abin da ke rubuce. A littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta wajen 1812, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo zancen Bawo a matsayin kakan sarakunan Hausa, amma shi ya danganta shi ne da Barno, a matsayin bawan sarkinta. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, shi ma ya ji labarin Bawo da Hausa Bakwai, ya rubuta. Cikakken labarin Bayajida da rijiya kuwa, kamar yadda muka kawo shi, ya shiga ɗab'i ne a zamanin Turawa. E. J. Arnett ya buga fassararsa a 1910, H. R. Palmer kuma ya sake kawo shi a 1928.

Palmer da wani masani, W. K. R. Hallam, wanda ya yi rubutu a 1966, sun yi ƙoƙarin haɗa Bayajida da wani Abu Yazid na gaskiya, ɗan ƙabilar Barbar, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a ƙasar Tunisiya ta yanzu, aka kashe shi a shekara ta 947. Laƙabinsa Mai Jaki, kuma wasu ruwayoyin Daura na cewa dabbar da baƙon ya zo da ita ta yi kama da doki amma ba doki ba ce. Shi wancan Abu Yazid a arewacin Afirka ya mutu, saboda haka masu wannan ra'ayi cewa suke yi wataƙila mabiyansa ne suka tsallako hamada bayan an ci su da yaƙi. Lokacin ma ya yi kusa da shekara ta 999, wadda Palmer ya lissafa a matsayin farkon sarautar Bagauda a Kano.

Wasu masanan kuma ba su yarda da wannan ba. Farfesa Abdullahi Smith, a wata maƙala da ya buga a 1970, ya nuna cewa ƙasashen Hausa ba mutum ɗaya ne ya zo daga waje ya kafa su ba. Sun taso ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni mai ganuwa, a wuraren da ke da ruwa da ƙasar noma da tama da hanyar fatauci. Dakta Yusufu Bala Usman shi ma a kan wannan hanya ya tsaya. Binciken da aka yi a dutsen Dala na Kano ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Kai, ko labarin kansa in ka duba, ai bai ce Bayajida ne ya haifi Hausawa ba. Ya tarar da maƙera a Gaya, ya tarar da gari da sarauniya da fadawa a Daura, ya tarar da rijiya an riga an haƙa.

Har ila yau, ba Daura kaɗai ke da irin wannan labari ba. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Gana suna da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, wanda ake ba budurwa duk shekara, har wani saurayi ya sare shi. Sai dai su can kisan macijin fari ya jawo, daula ta watse, a Daura kuwa ruwa ya samu. A Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, akwai labarin wani baƙo daga Yaman da ya kashe wani kifi da mutanen Kukiya ke bauta wa, suka naɗa shi sarkin Songhai. Wannan kamanni ya sa masana da yawa ke ganin labarin Kusugu ajiya ce ta wasu manyan sauye-sauye da aka dunƙule cikin dare ɗaya: sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza, tsohon tsafi ya ja baya, dangantaka da Barno ta yi ƙarfi, kuma ƙasashen Hausa suka sami hanyar cewa mu 'yan uwan juna ne.

Ga kuma abin da ya kamata mahaifin yaron nan ya lura da shi. A cikin labarin, maciji ba abin girmamawa ba ne, azzalumi ne da ya hana talakawa ruwa kwana 6 cikin 7. Wanda ake yabo shi ne wanda ya kashe shi. Duk wanda ya zauna a wannan yanki namu na bakin hamada, ya ga yadda mata da yara ke sammakon neman ruwa da bazara, ya san abin da ake nufi da a hana gari rijiyarsa. Saboda haka wanda ya je Kusugu, wurin da aka karya tsoron maciji ya je gani.

Yadda labarin ya rayu

Abin da babu jayayya a kansa shi ne, gidan sarautar Daura ya riƙe wannan labari gam, ko a lokacin da ya rasa garin. A zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wajen 1805, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Danginsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, suna ci gaba da kiran kansu sarakunan Daura, yayin da gidan Malam Isiyaku ke mulki a birni. Kusan shekara 100 ana haka. Da Turawa suka zo, tsakanin 1904 da 1906, aka mayar da sarautar ga tsohon gidan ta hannun Malam Musa na Zango. Wannan ya sa Daura ta fita daban da Kano da Zazzau, inda gidajen da jihadi ya kafa suka ci gaba da mulki. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta fiye da shekara 50 har zuwa 1966, sai Alhaji Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar a 2007. Masanin nan M. G. Smith ya yi cikakken littafi a kan wannan tarihi na Daura, an buga a 1978.

Don haka in kun je Daura, ba rijiya kaɗai za ku gani ba. A fadar sarki ana ajiye da takobi da wuƙa waɗanda ake dangantawa da Bayajida. Sarautar Magajiya tana nan, ana ba babbar mace daga gidan sarauta. Galadima da Ƙaura, waɗanda ruwayoyi ke cewa su aka aika su dubo gawar macijin, har yanzu manyan sarautu ne a Daura. Da salla akan yi Hawan Magajiya, a watan Rabi'ul Awwal kuma akan yi Sallar Gani, lokacin da garin kan cika da baƙi daga Nijeriya da Nijar.

Inda suka haɗu da inda suka rabu

In an ce babu kama ko kaɗan tsakanin Kusugu da Bodh Gaya, ba a faɗi gaskiya ba. Duka biyun abu ne ƙarami a ido, bishiya ɗaya da rijiya ɗaya, labari ne ya ɗaukaka su. Duka biyun jama'a na cewa daga nan muka faro. Kuma kamar yadda maziyarcin can ke tsintar ganye, haka wasu maziyartan Kusugu ke cika gora ko jarka su tafi da ruwan gida, wasu don tsaraba, wasu kuma da imanin yana maganin cuta.

Amma bambancin ya fi kamar yawa. Ɗan Buda yana zuwa Bodh Gaya ne don addininsa ya umurce shi, da ibadu sanannu da yake yi a wurin, da ladan da yake fata. Kusugu kuwa babu littafin da ya ce a je ta, babu ranar da aka wajabta, babu kewayawa, babu durƙuso, babu wanda ya ce zuwanta na kankare zunubi. Masu kula da ita Musulmi ne, masu ba da labarinta Musulmi ne, in lokacin salla ya yi masallaci suke nufa. Mu ba filin fatawa ba ne, kuma muna ba ka shawara ka tuntuɓi malaman garinku. Amma sanannen abu ne cewa malamai na kafa hujja da hadisin da ya keɓe masallatai 3, na Makka da Madina da Ƙudus, a matsayin waɗanda ake ɗaura kaya a tafi don neman lada. Sanannen abu ne kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da yin tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Kai yara Kusugu ya fi kusa da kai su Gobarau ta Katsina, ko ganuwar Kano, ko dutsen Dala.

Inda tsoron dattijon nan ke da gaskiya shi ne batun ruwan. In mutum ya ƙudurta cewa ruwan Kusugu da kansa yake warkarwa ko yake biyan bukata, to ya ɗauki rijiyar tarihi ya mayar da ita wani abu daban, kuma malamai na gargaɗi a kan haka. Ka gaya wa yaranka ruwa ne kamar na rijiyar gidansu, Allah ne mai ba da lafiya, mara lafiya kuma asibiti ake kai shi.

Akwai kuma darasi ɗaya da za mu ɗauka daga tarihin Bodh Gaya. Wurin da manyan sarakuna suka gina, da ya rasa masu kula da shi, ƙasa ce ta binne shi, sai da baƙi suka zo daga nesa suka tono, aka kuma shafe shekaru kusan 60 ana rigimar wane ne mai shi. Kusugu ba ta shiga wannan hali ba, don mutanen Daura ba su sake ta ba. Amma in yaran Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu suka tashi ba su san ta ba, alhali tana bakin ƙofarsu, nan gaba sai dai su karanta labarinta a littafin wani.

Shawararmu

Saboda haka, malam, kada ka soke tafiyar. Ka je gidan wannan dattijo da kanka, ka gaishe shi, ka yi masa bayani a natse, in da hali ka gayyace shi ya raka ku. Ka sanar da masu kula da rijiyar da kuma fada kafin ranar, don a tanadar muku wanda zai yi wa yara bayani. Kafin ku tashi ka ba su labarin Bayajida a aji, in kun dawo kuma ka tambaye su: wa ya haƙa rijiyar kafin baƙon ya zo? Me ya sa aka ce sai Juma'a? Me ya sa Magajiya ta nemi a nuna mata kan maciji kafin ta yarda? Daga irin waɗannan tambayoyi yaro ke koyon raba abin da aka gada da abin da aka tabbatar, ba tare da ya raina ko ɗaya ba. In dattijon ya ji duk wannan ya ce har yanzu bai amince ba, ka ƙyale masa ɗansa, kada ka tsangwami yaron, in kun dawo 'yan uwansa su ba shi labari.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, kuma muna sa ran za ka rubuto mana yadda tafiyar ta kasance. Sauran waɗanda suka aiko da wasiƙu su ƙara haƙuri, suna nan bisa layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.